Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tsokaci a Kan Farin Jinin Tsofaffin Ƙungiyoyin Kiɗan Rok a Wajen Matasa

1.0 Gabatarwa

Al'adar waƙar zamani ita ce ta yi tashe ta kwanta. Waƙar da ta cika gidajen rediyo a bana, kafin baɗi wata ta hau kujerarta, an kuma manta da ita kamar ba a yi ba. Sai dai akwai wasu 'yan ƙungiyoyin makaɗa na ƙasashen Ingila da Amurka da suka ƙi bin wannan al'ada. Sun yi zamaninsu daga shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1980, wasunsu sun watse, wasu daga cikin 'yan ƙungiyar sun riga mu gidan gaskiya, amma waƙoƙinsu na ta samun sababbin masu sauraro daga cikin yaran da ba a haifa ba a lokacin da aka rera su.

Misalai uku sun isa su tabbatar da haka. A watan Disamba na 2018 an bayyana cewa waƙar ƙungiyar Queen mai suna "Bohemian Rhapsody", wadda ta fito a 1975, ita ce aka fi saurara ta intanet a cikin dukkan waƙoƙin ƙarni na 20. A 2020 waƙar "Dreams" ta ƙungiyar Fleetwood Mac, tana da shekara 43 da fitowa, ta sake shiga jerin waƙoƙi 100 da suka fi tashe a Amurka har ta kai ta 12. A watan Nuwamba na 2023 kuwa, ƙungiyar Beatles ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da waƙar "Now and Then", shekara 53 bayan watsewarta.

Masu magana a kan wannan al'amari sun kasu gida biyu. Kashi na farko na ganin cewa waƙoƙin da ne kawai suka fi na yanzu inganci. Kashi na biyu na ganin babu komai a ciki sai dabarar 'yan kasuwa da ke juya tsohuwar haja. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu auna hujjojin biyu, mu dubi jigo da zubi da tsari da aiwatarwar wasu daga cikin waƙoƙin, sannan mu faɗi matsayinmu. Tambayar ta shafi duk mai sha'awar ƙirƙira, domin a ƙarƙashinta akwai wata da ta fi ta girma, wato me ke sa aikin fasaha ya rayu bayan mai shi da zamaninsa sun wuce?

2.0 Waɗanne Ƙungiyoyi Muke Nufi?

Kiɗan rok ya samo tushe ne daga waƙoƙin baƙaƙen fata na kudancin Amurka, musamman nau'in da ake kira buluz da kuma waƙoƙin coci, ya haɗu da kiɗan ƙauye na fararen fata a shekarun 1950. Kayan aikinsa su ne jitar lantarki da jita mai kaurin murya da ganguna, wani lokaci da fiyano. Ƙungiya kan ƙunshi mutum huɗu ko biyar, waɗanda galibi su ke tsara waƙarsu, su kaɗa, su rera.

Rukunin da ake kira tsohon rok kuwa, gidajen rediyon Amurka ne suka yaɗa sunansa a shekarun 1980. Samarin da suka tashi da wannan kiɗa sun zama magidanta masu albashi, masu talla kuma na neman kunnensu, sai aka ware tashoshi da ba su sa komai sai waƙoƙin ƙuruciyarsu. Ya kamata mai nazari ya riƙe wannan a zuciya, domin yana nuna cewa tun farko hannun ɗan kasuwa na cikin zaɓen waɗanda suka shiga jerin. A nan za mu fi mayar da hankali a kan Queen da Fleetwood Mac da Pink Floyd, tare da waiwayar Beatles da Led Zeppelin inda ya dace.

3.0 Hujjar Masu Cewa Kasuwa Ce

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kusan duk lokacin da tsohuwar waƙa ta farfaɗo, akan sami abin da ya tashe ta. "Bohemian Rhapsody" ta yi mako 9 a matsayi na ɗaya a Birtaniya bayan fitowarta, ta koma wannan matsayi a ƙarshen 1991 bayan mutuwar jagoran ƙungiyar, Freddie Mercury. A 1992 wani fim na barkwanci mai suna Wayne's World ya kai ta matsayi na biyu a Amurka. A 2018 aka yi fim a kan rayuwar Mercury da sunan waƙar, wanda ya tara fiye da dala miliyan 900 a duniya. Ke nan sau uku ana sake miƙa waƙar ga sabon zamani. Haka waƙar "Master of Puppets" ta ƙungiyar Metallica, wadda ta fito a 1986, ba ta taɓa shiga jerin waƙoƙi 100 na Amurka ba sai a 2022, bayan an sa ta a wasan talabijin na Stranger Things. Ita kuwa "Dreams", wani ɗan gajeren bidiyo ne a dandalin TikTok ya tashe ta, inda wani ma'aikaci ke tafe a kan allo mai taya yana shan lemo yana bin waƙar da baki.

Hanyar sauraro ma ta sauya. A zamanin faifai da kaset, mai shago ba shi da wurin da zai ajiye komai, don haka in sabon kaya ya shigo sai tsoho ya fita. A intanet kuwa babu ƙarancin kanta. Waƙar 1973 da ta makon jiya suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kuɗinsu ɗaya, nisansu daga yatsan yaro ɗaya. Alƙaluman masu ƙididdiga na Amurka sun nuna cewa a 2021 kusan kashi 70 cikin 100 na kiɗan da aka saurara ko aka saya a ƙasar tsohon kaya ne. Sai dai a yi hattara da wannan adadi, domin a lissafinsu duk waƙar da ta wuce wata 18 ta zama tsohuwa, saboda haka ba duka ne na zamanin da muke magana a kai ba.

Sannan akwai maganar mallaka. A 2024 kamfanin Sony ya sayi haƙƙin waƙoƙin Queen da na Pink Floyd a kan kuɗin da rahotanni suka ce sun kai kimanin fam biliyan 1 na farko, da kimanin dala miliyan 400 na biyu. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai bar hajarsa ta yi barci ba. Zai kai ta fim, ya kai ta talla, ya kai ta filin ƙwallo.

Ƙarfin wannan hujja ya fi fitowa in aka dubi waɗanda ba su sami mai tallata su ba. A 1964 ƙungiyar Dave Clark Five na gogayya da Beatles a Amurka, amma mai haƙƙin waƙoƙin ya daɗe bai bari an sake buga su ba, sunansu ya dushe. A nan gida Nijeriya ma, ƙungiyoyin rok irin su Ofege, ta ɗaliban kwalejin St. Gregory da ke Legas, da BLO da Funkees sun yi tashe a shekarun 1970, sannan faya-fayansu suka ɓace daga kasuwa, har sai da wasu ƙananan kamfanonin ƙetare suka shiga tono su. Ɗaya daga cikin irin wannan aiki shi ne kundin Nigeria Rock Special na 2008. Waƙa komai kyanta, in ba ta isa kunne ba, ba ta da hanyar shiga zuciya.

Duk da haka muna ganin hujjar ta tsaya a rabin hanya. Ta bayyana yadda waƙa ke zuwa ga yaro, ba ta bayyana dalilin da ya sa yake komawa gare ta ba. Kamfanonin nan na riƙe da dubban tsofaffin faya-fayai, kuma da so samu ne duk su sayar, amma kaɗan ne ke kamawa. Ƙungiyar Bay City Rollers ta rikita 'yan matan Birtaniya a tsakiyar shekarun 1970, waƙoƙinta kuma suna nan a intanet ga mai so, amma ba ta tara sabuwar zuriya irin ta Queen ba. Waƙoƙi da yawa kan yi tashe a TikTok su kwanta cikin 'yan makonni, alhali faifan Rumours, wanda "Dreams" ke ciki, ya ci gaba da bayyana a jerin waɗanda aka fi saya shekaru bayan 2020. Dole ke nan mu koma ga waƙoƙin kansu.

4.0 Hujjar Masu Cewa Fasaha Ce

4.1 Jigo

Abu na farko da ake yawan mantawa shi ne, waɗannan waƙoƙi na matasa ne. Lokacin da Beatles suka watse a 1970, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya cika shekara 30. Mercury na da 29 sa'ad da "Bohemian Rhapsody" ta fito. Roger Waters, wanda ya rubuta baitocin faifan The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, shi ma 29 gare shi a watan Maris na 1973. Mai waƙa na tsufa, amma muryar da aka naɗa tana nan a shekarun da aka ɗauke ta. Saboda haka yaron da ya sa wannan faifai a yau, muryar sa'ansa yake ji, mai fama da irin damuwar da yake fama da ita.

Faifan Rumours na 1977 misali ne mai kyau. An yi shi ne a daidai lokacin da auren John McVie da Christine McVie ke mutuwa, soyayyar Stevie Nicks da Lindsey Buckingham ke wargajewa, shi ma Mick Fleetwood gidansa ba lafiya. Maimakon su watse, sai suka zauna a situdiyo guda suna jifan juna da waƙa. "Dreams" ta Nicks da "Go Your Own Way" ta Buckingham tamkar habaici ne da martaninsa, ga shi kuma wanda ake yi da shi ne ke kaɗa wa mai yin jita ko yake yi masa amshi. Jigon rabuwa tsoho ne, amma samun ɓangarorin biyu a faifai ɗaya, kowa na faɗin nasa, shi ya ba aikin wani nauyi da ba a cika samu ba. An sayar da fiye da kwafi miliyan 40 na wannan faifai.

Pink Floyd kuwa sun ɗauki jigon da ya fi wannan faɗi, wato abubuwan da ke matsa wa ɗan Adam: shuɗewar lokaci, son kuɗi, gaba, taɓin hankali da mutuwa. Waƙar "Time" gargaɗi ce ga saurayin da ke ɓarnatar da kwanakinsa yana jiran wani ya nuna masa hanya. Ɗalibin da ya gama makaranta yana zaman jiran aiki ba ya bukatar sharhi kafin ya gane ta. Waƙar da aka gina a kan wata rawa ko wani yayi na sutura, yayin na wucewa take binsa. Wadda aka gina a kan tsoron ɓata ƙuruciya kuwa, kowace shekara ana haifa mata masu sauraro.

4.2 Zubi da Tsari

In aka jera "Bohemian Rhapsody" da "Dreams" za a ga kamar ba su haɗa komai ba. Ta farko ta kusa minti 6, ba ta da amshi mai maimaituwa, kuma an gina ta hawa-hawa: muryoyi zalla, sai fiyano da kukan wani saurayi da ke shaida wa mahaifiyarsa ya yi kisa, sai jita, sai kwaikwayon waƙar ofera, sai kiɗa mai zafi, sannan ta sauka a hankali. Ta biyu kuwa kusan gaba ɗayanta a kan haɗin sauti biyu take kaiwa da komowa, ganga na tafiya a kan kari guda. Amma duk biyun suna da siffa ɗaya. Ana gane su cikin 'yan daƙiƙoƙin farko, kuma kowace na ɓoye wani abu da sai a sauraro na biyu ko na uku ake tsinta. A "Dreams" abin na cikin yadda muryoyi uku ke shiga juna a amshi. A "Bohemian Rhapsody" kuwa yana cikin rashin tabbas na ma'ana, domin Mercury bai taɓa warware jigonta ba har ya mutu, kowane zamani sai ya karanta nasa a ciki.

The Dark Side of the Moon ya nuna wani irin zubi, inda faifan gaba ɗaya ya zama aiki guda. Ya buɗe da bugun zuciya ya rufe da shi, waƙoƙin na zuba cikin juna ba yankewa. "Time" ta fara da ƙarar agogai, "Money" kuma da ƙarar sulalla da na'urar kanti, a kan kari mai bugu bakwai maimakon huɗun da kunne ya saba. Faifan ya yi mako 741 a jerin waɗanda aka fi saya a Amurka tsakanin 1973 da 1988.

Akwai kuma ɗan gajeren karin jita da ake maimaitawa, wanda za mu iya kwatanta shi da take a kiɗan Hausa, domin yana sanar da waƙa tun kafin a furta kalma. Na "Whole Lotta Love" ta Led Zeppelin, ta 1969, da na "Smoke on the Water" ta Deep Purple, ta 1972, sun shahara har na biyun ya zama cikin abin da mai koyon jita ke fara kaɗawa. Irin wannan kari ba ya bukatar tafinta. Makaɗin nan na Agadas, Bombino, ya koyi wani ɓangare na salonsa ne ta kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits, ya kuma juya shi zuwa waƙar Abzinawa.

4.3 Aiwatarwa

Queen sun gane da wuri cewa mai sauraro na son a ba shi aiki. A 1977 Brian May ya tsara "We Will Rock You" a kan buga ƙafa biyu da tafi ɗaya, ba ganga, jita ma sai can ƙarshe, domin taro ya zama shi ne makaɗi. A bikin Live Aid na ranar 13 ga Yuli, 1985, a filin Wembley na Landan, Mercury ya yi ta jefa wa mutum kimanin 72,000 murya suna karɓa masa, cikin wasan da bai wuce minti 20 da 'yan kai ba. Wannan tsari na jagora da 'yan amshi ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma shi ya sa waƙar ta zauna a filayen wasanni, inda yara ke koyon ta tun ba su san mai ita ba.

Wasu na ƙarawa da cewa matasan da suka tashi cikin kiɗan kwamfuta na marmarin jin hannun mutum a kan tsirkiya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Fim ɗin Get Back na 2021, wanda Peter Jackson ya haɗa daga hotunan Janairun 1969, ya nuna Paul McCartney na lalubo waƙa daga babu a gaban abokansa, abin da ya burge masu kallo ƙwarai. A 2022 kuma yawan faifan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na faifan CD, karo na farko tun 1987. Amma kada a wuce gona da iri. Muryoyin ofera na Queen mutum uku ne suka yi ta rerawa ana ɗora wata a kan wata, "Now and Then" kuwa da manhajar kwamfuta aka tsamo muryar John Lennon daga wani tsohon kaset. Su ma sun yi amfani da na'urar zamaninsu iyakar iyawarsu.

4.4 Labarin Makaɗan

Ƙungiyar da ta gama zamaninta tana da abin da sabuwa ba ta da shi, wato cikakken labari mai farko da ƙarshe. An haifi Mercury a Zanziba a 1946 da sunan Farrokh Bulsara, ya je Ingila yana ɗan gudun hijira, ya mutu a 1991 da cutar ƙanjamau. Syd Barrett, wanda ya jagoranci Pink Floyd da farko, ya bar ƙungiyar a 1968 saboda lalurar ƙwaƙwalwa, inuwarsa kuma ta bi manyan ayyukansu na baya. Led Zeppelin sun rufe ƙungiyarsu a 1980 da mutuwar makaɗin gangarsu, John Bonham. Yaro na shiga ta ƙofar waƙa ɗaya sai ya tarar da tarihi mai rassa da zai yi shekaru yana bi.

5.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Yabo ba zai hana mu faɗin naƙasu ba. Na farko, jerin tsohon rok ya cika da fararen fata, alhali tushen kiɗan na baƙaƙe ne. Rolling Stones sun ɗauko sunansu daga wata waƙar Muddy Waters. Willie Dixon sai da ya kai Led Zeppelin kotu a 1985 a kan "Whole Lotta Love" kafin aka sasanta aka sa sunansa cikin marubutanta. Sister Rosetta Tharpe, wadda ke kaɗa jitar lantarki tun shekarun 1940, ba a shigar da ita zauren karrama 'yan rok na Amurka ba sai a 2018. Yaron da ya tsaya a Led Zeppelin bai ƙarasa ga Dixon ba, ya sha ruwa bai san rijiya ba.

Na biyu, ba duk abin da ya daɗe ne ya cancanci daɗewa ta kowace fuska ba. In aka raba baitocin wasu waƙoƙin Led Zeppelin da kiɗansu, abin da zai rage kaɗan ne, kuma yadda suke siffanta mace bai wuce abin sha'awa ba. Labarin makaɗan ma akan ƙawata shi har shaye-shayen da ya kashe wasunsu ya zama kamar ado.

Na uku, hanyar da ke kawo waƙoƙin ita ce kuma ke gutsuttsura su. Faifan da aka tsara a saurara daga bugun zuciyar farko zuwa na ƙarshe, yanzu ana tsinkar daƙiƙa 30 daga cikinsa a ɗora a kan bidiyo. Na huɗu, kuɗin da kamfani ya zuba wajen sayen tsohon kaya, kuɗi ne da bai zuba wajen renon sabon makaɗi ba. Babbar bishiya na ba da inuwa, amma abin da aka shuka a gindinta da wuya ya yi tsawo.

6.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun auna hujjoji biyu. Mun ga cewa fim da intanet da jarin kamfanoni su ke kai tsohuwar waƙa ga sabon kunne, kuma misalin Dave Clark Five da Ofege ya nuna abin da ke faruwa in babu su. Mun kuma ga cewa a cikin dubban da ake tallatawa, waɗanda ke zama su ne masu jigon da kowane saurayi zai sake tararwa a rayuwarsa, masu zubin da ake ganewa nan take amma ba a ƙure shi a sauraro ɗaya, masu kuma ba mai sauraro gurbin da zai shiga. Matsayinmu shi ne hujjar fasaha ta fi nauyi, da sharaɗin a yarda cewa jerin da muka gada bai ƙunshi duk wanda ya cancanta ba, kuma nazarin waɗanda aka bari a baya aiki ne da ke jiran masu yi.

Ga matasan marubuta da ke aiko da ayyukansu wannan mujalla, abin lura biyu ne. Waɗancan makaɗa ba su zauna da niyyar yi wa jikoki waƙa ba. Damuwar da ke gabansu suka ɗauka, suka yi mata gini mai ƙarko, suna 'yan shekara ashirin da wani abu. Sannan aikinsu ya sami masu adana shi da sake buga shi. Duk wanda ke son waƙarsa ko labarinsa ya kai ga waɗanda ba a haifa ba tukuna, sai ya kula da ingancin ginin, ya kuma kula da inda za a ajiye shi.